Saurayi mai shan jini: yadda dodo ya zama gwarzon littattafan soyayyar 'yan matan Amurka

A shekarar 2010, Barnes & Noble, kamfanin da ya fi kowa yawan shagunan sayar da littattafai a Amurka, ya sake tsara sashen matasa a shagunansa, ya ware kanta guda sukutum ga nau'in labari ɗaya: soyayyar matasa da halittun ɓoye. Bangon littattafan galibi baƙi ne da ɗan ratsin ja, labarin da ke ciki kuma kusan ɗaya ne. Yarinya 'yar shekara 16 ko 17, 'yar sakandare, wadda ba ta ɗauki kanta a bakin komai ba, ta koma wani ƙaramin gari. A ajinsu akwai wani yaro kyakkyawa na ƙin ƙarawa, miskili, ba ya shiga sabgar kowa. Da fari ya riƙa ɗaure mata fuska, daga baya ya ceci ranta ta hanyar da ɗan Adam ba zai iya ba. Ta bi diddigi, ta gano ba mutum ba ne. Ya ce ta yi nesa da shi domin zai iya hallaka ta. Ta ce allambaran.

Ɗan kasuwa ba ya ware kanta don hajar da ba ta tafiya. To me ya sa miliyoyin 'yan mata suka zaɓi gawa mai shan jini, ko mutum mai rikiɗa kyarkeci, a matsayin saurayin da suke mafarki?

Bamfaya, wato mamacin da ke fitowa daga kabari yana tsotsar jinin masu rai, ba abin so ba ne a asalinsa. A ƙauyukan gabashin Turai na ƙarni na 18, inda mutane suka yarda da shi da gaske har suna tone kaburbura suna soka wa gawa tsinin itace a ƙirji, kumburarriyar gawar baƙauye ce mai wari. Marubutan Ingila ne suka yi masa wanka suka sa masa kwat. A 1819 John Polidori, likitan mawaƙin nan Lord Byron, ya mayar da shi basarake mai daɗin baki da ke yaudarar 'yan mata a manyan tarukan Landan. A 1897 Bram Stoker ya fitar da Dracula, inda har yanzu shi ne mugun da dole a kashe a ƙarshen labari. Juyin gaske ya zo a 1976, lokacin da Anne Rice ta ba dodon baki ya faɗi labarinsa da kansa, sai ga shi yana da nadama, yana ƙyamar abin da yake yi. Da zarar dodo ya fara jin kunyar dodontakarsa, saura ƙiris ya zama abin tausayi, daga tausayi kuwa zuwa so ba nisa. A farkon shekarun 1990 aka shigar da shi makarantar sakandare, ya rataya jakar littattafai.

Don haka Stephenie Meyer ba ita ta ƙirƙiro wannan hanya ba, ita ce dai ta mayar da ita babban titi. Matar aure ce mai 'ya'ya maza uku a jihar Arizona, mabiyar cocin Mormon, ba ta taɓa buga littafi ba. Ta ce a daren 2 ga Yuni 2003 ta yi mafarkin wata yarinya da wani bamfaya suna hira a wani fili cikin daji, yana gaya mata yadda yake son ta da kuma yadda yake fama da kansa kada ya kashe ta. Cikin wata uku ta gama rubutu. Kamfanin Little, Brown ya ba ta dala 750,000 kan littattafai uku, kuɗin da ba kasafai ake ba sabon marubuci ba. Littafin, mai suna Twilight, ya fito a Oktoba 2005. Na huɗu a jerin, da ya fito a Agusta 2008, an sayar da kwafi kusan miliyan 1.3 a rana ta farko kaɗai. Jerin gaba ɗaya ya haura kwafi miliyan 100, fina-finai biyar da aka yi daga 2008 zuwa 2012 kuma suka tara sama da dala biliyan 3.3.

Masu sharhi da yawa sun tsaya kan cewa rubutun ba shi da armashi, an cika maimaita kyawun saurayin shafi bayan shafi. Gaskiyarsu, amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Kowane labarin soyayya yana buƙatar katanga. In babu abin da ya hana masoya haɗuwa, labari ya ƙare a shafi na goma. Marubutan littattafan soyayya na Kano ba su taɓa rasa katanga ba: uba ya riga ya yi wa amininsa alkawari, gidan su yarinya sun fi ƙarfin gidan su yaro, ga maganar asali, ga kishiya, ga uwar miji. Marubutan Ingila na ƙarni na 19 ma suna da nasu, gado da matsayi da sunan gida. Amma mai rubuta labarin yarinya Ba'amurkiya a 2005 yana cikin tsaka mai wuya. Iyaye ba sa zaɓa wa 'ya miji, bambancin arziki bai isa ya hana ba, kuma in yaro da yarinya suka so junansu, ba wanda zai ce musu kanzil. Dabarar da wannan nau'in labari ya zo da ita ita ce ya ɗauko katangar daga waje ya dasa ta cikin jikin saurayin. Abin da ya hana su haɗuwa shi ne shi kansa. Ƙamshin jininta ya fi na kowa jan shi, ƙarfinsa zai iya karya mata ƙashi ko da wasa, in ya sake ya saki jiki na daƙiƙa ɗaya, sai dai gawarta. Wannan katanga ba ta faɗuwa da rarrashin uba ko samun aiki, don haka ana iya jan labarin littafi uku ko huɗu, mai karatu na biye.

Akwai abu na biyu da ya fi wannan muhimmanci a ganina, kuma shi ne masu raina littattafan suka fi kasa gani. A rayuwar yau da kullum, a Amurka ko a ko'ina, yarinya aka ɗora wa nauyin cewa a'a. Ita ce za ta ja layi, ita ce za ta kare mutuncinta, in abu ya lalace ita ce za ta sha kunya. A cikin waɗannan labarai an juya abin. Ita ce ke matsawa, shi ke ja da baya. Shi ne yake cewa ya isa haka, shi ne ya kafe sai an ɗaura aure. Yarinya 'yar shekara 14 da ta fara jin abubuwan da ba ta da wanda za ta faɗa wa, ta sami wurin da za ta ji su son ranta ba tare da fargabar abin da zai biyo baya ba, domin akwai wanda ya ɗauke mata aikin gadi. Ba ƙaramin abu ba ne wannan. A littattafan Meyer ba a kusanci juna ba sai bayan aure a littafi na huɗu, kuma masu nazari sun daɗe suna danganta hakan da koyarwar cocinta, wadda ta haramta kusantar juna kafin aure, ta kuma yi imani da auren da ke ɗorewa har bayan mutuwa. Ko bangon littafin farko, hannaye ne riƙe da tuffa, an kuma buɗe shi da ayar Littafin Farawa na Baibul kan itaciyar da aka hana ci. Shi ya sa iyaye mata da yawa masu riƙo da addini suka saya wa 'ya'yansu da hannunsu, wasunsu ma suka karɓe suka karanta.

Sai kuma zaɓi. Saurayin ya shekara ɗari a duniya, ya ga mata iri-iri, yana jin abin da ke zuciyar kowa, amma bai taɓa son kowa ba sai wannan yarinya mai yawan tuntuɓe da ba ta iya kwalliya ba. Zuciyarta ce kaɗai ya kasa karantawa. An rubuta labarin da bakinta, «na ce, na ji, na gani», kuma ba a cika siffanta halinta da yawa ba, ta yadda kowace mai karatu za ta iya zura kanta a ciki. Ga shi yana da fuskar ɗan shekara 17 amma yana da dukiya da ilimi da natsuwar dattijo. Babu yaron ajinsu da zai iya gasa da wannan.

Duk wannan yana aiki ne bisa wani sharaɗi da ba a faɗa: babu mai karatun da ta yarda akwai bamfaya. Tsoron na wasa ne, ana rufe littafi ya wuce. A nan ne abin ya sha bamban da namu. Mu ma muna da labarin soyayyar mutum da halittar ɓoye, tun daga tatsuniya har zuwa littattafan da ake rabawa a WhatsApp da Wattpad, inda aljani ke liƙe wa budurwa ko aljana ta auri saurayi. Amma Bahaushe ya yarda da samuwar aljanu, kuma idan aka ce yarinya tana da namijin dare, ba wanda zai ce ta yi dace. Lalura ce, ana danganta ta da korar manema da mutuwar aure, ana kai ta wajen masu ruƙiyya. Malamai ma sun tattauna auren mutum da aljani a matsayin mas'ala. An ruwaito cewa da aka tambayi Imamu Malik, ya nuna ƙin abin ne saboda gudun kada mace ta yi ciki, a tambaye ta mijinta, ta ce aljani ne, ɓarna ta yawaita. Shi ya sa marubucin Hausa da ya ɗauko aljani a matsayin masoyi, galibi sai ya karkata ga ban tsoro, ko ya ƙare da an raba su. Marubuciyar Amurka ba ta da wannan takunkumi, dodonta nata ne, tana iya sa fatarsa ta yi ƙyalli a rana in ta ga dama, kuma haka Meyer ta yi.

Matsalar tana cikin dabarar kanta. Tun da haɗarin da ke kewaye da yarinyar na gaske ne a cikin labarin, duk abin da saurayin ya yi da sunan kare ta sai ya zama yana da hujja. A littafin Meyer na farko ya amsa cewa kusan kullum da dare yana shigowa ɗakinta ta taga yana kallon ta tana barci, ba da saninta ba, ita kuma abin da ya fi damun ta shi ne me ta faɗa cikin magagi. A na uku ya cire wani abu daga injin motarta don kada ta je wajen abokinta mai rikiɗa kyarkeci, wanda shi ma ke son ta. A na biyu, da ya tafi ya bar ta, marubuciyar ta bar shafuka huɗu wayam, kowanne da sunan wata kawai, daga Oktoba zuwa Janairu, alamar rayuwar yarinyar ta tsaya cik. Da ta farfaɗo, sai ta shiga jefa kanta cikin haɗari, hawan babur da tsalle daga kan dutse zuwa cikin teku, don a lokacin ne kawai take jin muryarsa a kunnenta. Masu aikin taimaka wa matan da ake zalunta a gidan aure sun san waɗannan alamomi sarai: bibiya, raba mace da ƙawayenta, yanke mata hukunci ba shawara, sa ta ji ba ta da rayuwa in ba shi. Labarin bai ɓoye su ba, sai dai ya tsara duniyarsa ta yadda a ƙarshe mai yin su ne ke da gaskiya. Kada kuma a manta an haife shi a 1901, ya zama bamfaya a 1918 a Chicago, lokacin annobar murar da ta game duniya. Tsoho ne ɗan shekara 104 yake neman 'yar 17, fuska ce kawai ta rufa masa asiri.

Duk da haka ban yarda da masu cewa littattafan sun lalata tunanin 'yan mata ba. Mai karatu ba tulu ba ce da za a ɗura wa abu ta riƙe. 'Yan matan nan su suka fi kowa gardama a kan waɗannan halaye, suka rabu gida biyu kan wane saurayin ya fi dacewa, suka rubuta nasu labaran suna gyara abin da bai yi musu ba. Kuma zafin izgilin da aka yi musu a wajejen 2009 ya wuce na adabi. Fina-finan mutum-mutumi masu faɗa da aka yi don samari a daidai wannan lokaci ba su fi waɗannan hankali ba, amma ba wanda ya mayar da masu kallonsu abin dariya. Abin da 'yan mata ke so da ihu, shi ake saurin rainawa.

Da kamfanonin ɗab'i suka ga ruwan kuɗi, sai aka yi rububi. Tsakanin 2007 da 2011 an gwada kusan kowace halitta: kyarketai, aljanun daji na tatsuniyoyin Ailan da Sikotlan, fatalwa, 'yan ruwa, har da mala'ikun da aka kora daga sama. Wannan na ƙarshe zai sa mai karatu Musulmi ya yi turus, tun da a aƙidarsa mala'iku ba sa saɓo, amma a tsoffin littattafan Yahudu da Nasara akwai labarin waɗanda suka saɓa suka sauko suka auri 'yan Adam, daga nan marubutan suka ɗebo. Sunan halitta ne kawai ke sauyawa, tsarin yana nan.

Yadda harkar ta zama masana'anta ya fito fili a abin da ya sami L. J. Smith. Ita ta rubuta The Vampire Diaries tun 1991, shekara 14 kafin Meyer, amma ta rubuta ne bisa kwangilar ƙodago, haƙƙin mallaka yana hannun kamfanin da ya ba ta aikin, wanda daga baya ya zama Alloy Entertainment. Da kasuwa ta buɗe aka mayar da labarin shirin talabijin a 2009, ta dawo ta ci gaba da rubutu. A 2011 kamfanin ya sallame ta, ya ɗauko wani marubucin da ba a bayyana ba ya ci gaba, sunanta kuma yana nan a bango. A 2014, don ta ƙarasa labarin yadda take so, sai da ta bi ta wani tsarin Amazon da aka tanada wa masoya masu rubuta ƙarin labari kan taurarin wasu. Mai abu ta koma 'yar kallo a kan abinta.

Akwai wasu da aka ci da guminsu fiye da haka. Meyer ta zaɓi garin Forks a jihar Washington ne ta hanyar binciken intanet, tana neman inda ruwan sama ya fi yawa a Amurka, ba ta taɓa zuwa ba a lokacin. Ƙaramin garin masu yankan katako ne mai mutum dubu uku da 'yan kai, sai ga baƙi kusan 70,000 a 2009. Masu otal da shaguna sun dara. Amma kusa da garin, a bakin teku, akwai La Push, mazaunin ƙabilar Quileute, 'yan asalin ƙasar, mutane ne na gaske da ba su da yawa. A tarihinsu na baka, daga kyarketai aka mayar da kakanninsu mutane. Marubuciyar ta ɗauki wannan, ta ƙara nata, ta mayar da samarinsu masu rikiɗa in ransu ya ɓaci, matalauta masu zafin kai da yawo ba riga, har ɗayansu ya yage fuskar budurwarsa cikin fushi, a gefe guda kuma ga fararen bamfaya masu kuɗi da kamun kai. An buga sunan ƙabilar a kan kayan sayarwa iri-iri ba tare da an ba su kaso ba. A ƙarshen 2009 ma'aikatan wata kafar intanet suka ɗauki hoton maƙabartarsu ba izini, sai da aka ba da haƙuri a farkon 2010. Abin da za a ce sun samu shi ne duniya ta san da zamansu. A 2012 Shugaba Obama ya sa hannu kan dokar da ta ba su eka 785 daga gandun dajin Olympic don su kwashe makarantarsu da gidajensu zuwa tudu, saboda barazanar ambaliyar teku, buƙatar da suka daɗe suna kai wa gwamnati.

Kasuwar ta faɗi da sauri kamar yadda ta tashi. The Hunger Games, wanda fim ɗinsa ya fito a 2012, ya kawo yarinya mai kwari da baka wadda ita ke ceton wasu, sai hankali ya koma can. Fina-finan da aka yi a 2013 da 2014 daga sauran littattafan halittun ɓoye ba su yi kasuwar da aka sa rai ba, kantar nan ta shaguna kuma ta narke cikin sauran.

Amma tsarin bai mutu ba, masu karatun ne suka girma, ya bi su. Fifty Shades of Grey, da ya fito a 2011, ya faro ne a matsayin labarin da wata masoyiyar Twilight ta rubuta a intanet da sunayen taurarin Meyer. Da za a buga shi sai aka sauya sunaye. Babu shan jini a ciki, kuɗi ne ya maye gurbinsa, kuma abin da ya rage shi ne attajiri mai bibiyar mace yana tsara mata abin da za ta ci da inda za ta je, ba tare da uzurin cewa wasu dodanni na farautarta ba. Wanda ke son ganin aikin da siddabarun yake yi a labarin asali, ya kwatanta biyun. A 2020 Meyer ta sake ba da labarin farko daga bakin saurayin, aka sayar da sama da kwafi miliyan ɗaya a makon farko, masu saye da yawa matan da suka karanta na farkon suna sakandare ne. TikTok kuma ya ɗaga sabbin littattafan da suka haɗa soyayya da duniyar tsafi, waɗanda galibinsu na manya ne, an cire musu kamun kan da ya sa iyaye suka amince da na baya.

Ƙananan masu karatu yanzu a waya suke. Wattpad, wanda kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saya a 2021 kan sama da dala miliyan 600, cike yake da labaran kyarketai, haka ma manhajojin da ake biya babi-babi. A nan bamfaya mai nadama ya ja baya, shugaban garken kyarketai ne ke tashe, kuma an zo da wata ƙa'ida: kowane ɗayansu yana da matar da aka ƙaddara masa, da ya ji ƙamshinta shi ke nan, ko tana so ko ba ta so. Tushen wannan ma yana cikin littattafan Meyer, inda a na huɗu saurayi na biyu, wato abokin nan nata mai rikiɗa kyarkeci, ya ɗauru ga jaririyar da aka haifa a ranar. Yarinyar 2005 ko ba komai ita ta zaɓa, ta nace, ta yi ta roƙo a mayar da ita irinsu. Ta yau an riga an zaɓa mata, abin da ya rage shi ne yaushe za ta sallama. Kuma tun da marubuci yana samun kuɗi ne gwargwadon babin da aka buɗe, ba shi da dalilin barin ta ta sallama da wuri. Ya ƙi ta a gaban garke, ta gudu, ya nemo ta, a sace ta, ta manta ko ita wace ce, labari ya kai babi ɗari uku.